Batir Ba Randa Ba Ne

A watan Afrilun bana, lokacin da zafin Damagaram ya kai inda tabarma ma ƙuna take yi da dare, batir ɗin solar gidana ya fara gazawa. Da yana riƙe fanka da ƙwan fitila biyu har kiran assalatu. Sai ya koma ƙarfe ɗaya na dare bai yi ba ya saki, yara su tashi suna kuka. Na ɗaure shi a bayan kabu-kabu na kai wa wani dattijo mai gyaran batura can wajen Kasuwar Dole.

Bai tambaye ni komai ba. Ya kwance murafen nan shida ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauko wani bututun gilashi mai kan roba, ya zuƙo ruwan ramin farko, ya ɗaga wa haske yana kallon ɗan ma'aunin da ke yawo a ciki. Ma'aunin ya nutse kusan har wuya. Haka ya bi ramukan duka.

"Malam," ya ce, "ruwan nan ya salance."

Yaron shagonsa ya ce, "Maigida, in ɗauko asid a ƙara masa?"

"A'a, yaro. Asid ɗin bai je ko'ina ba. Faranti ne ya shanye shi, ya ƙi mayarwa. In ka ƙara wani, ƙarasa shi za ka yi."

Ni ina koyar da kimiyyar sinadarai a lise, wato babbar sakandare, darasin da ɗalibai ke kira shimi. Maganar nan ta dattijo ita ce layin da nake rubutawa a allo kowace shekara, bai rage ba, bai ƙara ba:

Pb + PbO₂ + 2H₂SO₄ → 2PbSO₄ + 2H₂O

Asid yana hagu, ruwa yana dama, kuma abin da asid ɗin ya zama yana manne a jikin faranti, wato fallayen dalma da ke cikin batir. Abin da ke damuna shi ne, ɗalibai da yawa za su zubo maka layin nan da ka, amma in ka tambaye su ko a ƙara asid, tare da yaron shago za su tsaya. Laifin ba na ƙwaƙwalwarsu ba ne. Hoton da suka shigo aji da shi ne ya karkace: suna ganin batir kamar randa ce da ake ɗura wa wuta, a riƙa ɗiba har ta ƙare. Bakinmu ma yana taya su, don cewa muke yi batir ya cika, wuta ta ƙare, a sa masa wuta.

Ba haka abin yake ba. Ilektaron, wato ƙananan ƙwayoyin nan da gudunsu a cikin waya shi ne lantarki, yawansu ɗaya ne a batir cikakke da wanda ya mutu. Duk wanda ya fita ta kan da ke da alamar ragi, wani ya shigo ta kan da ke da alamar ƙari. Abin da ke cikin batir ciniki ne da bai faɗa ba tukuna: wani sinadari yana son rabuwa da ilektaron, wani yana neman su ido rufe, an kuma raba su ɗaki.

Gani ya kori ji, shi ya sa da gwaji nake buɗe darasin. A zuba ruwan salfet na jan ƙarfe a kofi, shuɗi ne kamar an jiƙa bula. A tsoma ɗan yankin tutiya a ciki. Ba a jima ba sai tutiyar ta yi duhu, wani gari ja-ja ya lulluɓe ta, shuɗin ruwan ya fara kwaranyewa, kofin ya ɗauki ɗumi. Tutiya ta saki ilektaron biyu-biyu ta narke cikin ruwa: Zn → Zn²⁺ + 2e⁻. Jan ƙarfen da ke narke ya karɓe su ya koma ƙarfe: Cu²⁺ + 2e⁻ → Cu. Ciniki ya faɗa hannu da hannu, kuma ba wanda ya amfana sai kofin da ya yi ɗumi.

Duk dabarar batir ita ce hana wannan hannu da hannun. Mutumin Zinder bai kamata abin ya ba shi wuya ba. Unguwar Zango ta ci arzikinta ne saboda mai kaya yana Kano, mai saye yana Agadas ko can Tarabulus, dole ayari ya ratso ta nan. Da a gida ɗaya suke, da Zango bai ga ko dala ba. Haka za mu yi wa tutiya da jan ƙarfe: ita a kofinta da ruwanta, shi a kofinsa da nasa, waya ta haɗa su. Yanzu ilektaron ba su da hanya sai wayar, kuma duk abin da aka ajiye a kan hanyar, ƙwan fitila ne ko rediyo, shi ne zangon da zai ci riba.

Sai dai in ka tsaya nan, ko ƙiftawa fitilar ba za ta yi ba. Kofin tutiya yana tara iyon, wato ƙwayoyin sinadari masu caji da ke cikin ruwa, masu cajin ƙari, na jan ƙarfe yana rasa su, nan take rashin daidaiton ya tsayar da komai. Dole a buɗe hanya ta biyu wadda iyon za su bi su daidaita tsakani. Ita ce gadar gishiri, kuma ba wani abin tsoro ba ce: tsumma ko takarda da aka jiƙa da ruwan gishiri, baki ɗaya a wannan kofi, baki ɗaya a wancan. Ranar da na fara ɗaga tsumman a gaban aji mita ta faɗi sifiri, na mayar ta dawo kusan bolt 1.1, wata ɗaliba ta ce, "Mushe, ashe a cikin ruwa ma wani abu na tafiya?" Wannan tambayar ta fi mini amsa goma da aka haddace. Ilektaron a waya, iyon a ruwa. In ɗaya ya tsaya, ɗayan ya tsaya.

Kafin a kai ga kofunan nan biyu an sha gardama. A Italiya, Luigi Galvani ya ga ƙafar mataccen kwaɗo tana zillo idan ƙarfe ya taɓa ta, ya wallafa a 1791 cewa lantarkin daga jikin dabba yake. Alessandro Volta ya ce a'a, daga ƙarafa biyu mabambanta yake, kwaɗo jiƙaƙƙiyar gada ce kawai. Don ya tabbatar, a 1800 ya jera faya-fayan tutiya da na jan ƙarfe ɗaya bisa ɗaya, da kwali jiƙe da ruwan gishiri a tsakani, ya sami lantarki ba kwaɗo. Wannan tsibin da ya tara shi ne asalin kalmar Faransanci da muka aro muke kiran ƙananan batura pil, daga sunansa kuma aka sami bolt, ma'aunin ƙarfin turin lantarki. Matsalar tsibin Volta ita ce kumfar iskar haidirojin da ke taruwa a jikin jan ƙarfe ta toshe aiki. John Daniell na Ingila ne ya kauce mata a 1836 da tsarin ruwa biyu, wanda shi ne muke maimaitawa a aji.

To me ya sa 1.1, ba 2 ba, ba 5 ba? Nan ne jadawalin da ɗalibai ke tsoro yake shigowa. Ba a iya auna ƙarfin kwaɗayin ƙarfe ɗaya shi kaɗai. Mita baki biyu gare ta, bambanci kawai take gani. Don haka aka zaɓi haidirojin aka ce shi ne sifiri, kamar yadda ake auna tudu daga bakin teku a ce Zinder tana sama da mita 400, alhali ba teku kusa da mu. Aka gwada kowa da shi a zafin digiri 25, da ruwa mai mol ɗaya a lita (mol ma'auni ne na ƙidayar ƙwayoyin sinadari). Jan ƙarfe ya ba da +0.34, tutiya −0.76, baƙin ƙarfe −0.44, azurfa +0.80, zinariya +1.50, litiyom can ƙasa −3.04. Wanda ke sama shi ne mai karɓa, na ƙasa mai bayarwa, tazarar da ke tsakaninsu kuma ita ce bolt ɗin batir. Daga −0.76 zuwa +0.34, 1.10 ke nan.

A makarantunmu ana koyar da wannan da zanen harafin gamma: a jera biyun, a ja layi mai lanƙwasa, a karanta wanda zai ci wani. Zanen yana aiki, ban hana kowa ba. Amma na ga yara da yawa suna jan gamma daidai ba su san abin da suka faɗa ba, ranar da aka juya musu jadawali kuma sai komai ya rushe. Na fi son ɗalibi ya fara tambayar kansa: a cikin biyun nan, wa ya fi riƙo? Jadawalin ai labarin abubuwan da muke gani ne. Masu haƙa a Jado suna samun zinariya a matsayin zinariya saboda tana can sama, ba ta sakin ilektaron ɗinta ga iska ko ruwa. Baƙin ƙarfe kuwa ba a tsintar sa haka. Tama ake samu, sai maƙera sun sha wuya da gawayi da zuga-zugi kafin su mayar masa da abin da iska ta ƙwace. Kwanon rufi an shafe shi da tutiya ne saboda tana ƙasa da baƙin ƙarfe: ko ya karce, ita ce za ta ci gaba da lalacewa a madadinsa. Gwangwanin tumatir kuwa da kuza aka shafe shi, ita kuma −0.14 take, sama da baƙin ƙarfe, don haka da ya karce ya sha damina, tsatsa ta fi saurin cin sa a daidai wurin.

Abu na biyu da hoton randa ke ɓatawa shi ne girma. Ɗan siririn pil na rimot da ƙaton nan na rediyon tsofaffi, duka 1.5 ne a rubuce. Ɗalibai kan ce kuskure ne. Ba kuskure ba ne: su biyun tutiya ce da baƙin garin manganis, tsarin da Georges Leclanché na Faransa ya fito da shi a 1866. Bolt ba ruwansa da yawa, ruwansa da su wa aka haɗa. Soka ƙusa mai tutiya da guntun wayar jan ƙarfe a lemun tsami, za ka ga kusan 0.9, nemo lemun da ya ninka shi girma, abin da za ka gani ke nan. Lemun ma ba shi ke ba da wutar ba, ƙusar ce ke narkewa a hankali.

Malamin lissafi zai gane wannan da sauri. A ce batura biyu ƴan gida ɗaya ne idan sinadaransu iri ɗaya ne. Kowane batir ɗan gidan kansa ne. In wannan ɗan gidan wancan ne, wancan ma ɗan gidan wannan ne. In na farko da na biyu gida ɗaya suke, na biyu da na uku ma haka, to na farko da na uku ba sai an tambaya ba. Sharuɗɗan nan uku su ne na dangantakar daidaito da ake koyarwa a lissafi, amfaninta kuma shi ne ta raba tarin abubuwa gida-gida ba tare da wani ya shiga gida biyu ba. Duk baturan kasuwa haka suke: gidan tutiya da manganis 1.5, gidan nikel mai caji 1.2, gidan dalma kusan 2.1, litiyom na waya kusan 3.7. In ka ga 12 a jikin batir ɗin mota, ƴan gidan dalma shida ne aka jera, murafen nan shida da dattijo ya kwance. Ɗan batir mai kusurwa huɗu mai bolt 9 ma in ka fasa shi, ƙanana shida za ka tarar.

Girma yana da nasa aikin: shi ke faɗin tsawon lokacin da cinikin zai ɗauka. Wannan ɓangaren na Michael Faraday ne, wanda ya nuna a 1833 zuwa 1834 cewa yawan sinadarin da ya sauya yana tafiya ƙafa da ƙafa da yawan lantarkin da ya wuce. Ana auna yawan lantarki da kulom, wato abin da amfer ɗaya ke ratsarwa a daƙiƙa ɗaya. Mol ɗaya na ilektaron yana ɗauke da kulom kusan 96,500. Mu gwada da batir ɗin mota mai 70 Ah, wato amfer 70 na awa ɗaya. Awa ɗaya daƙiƙa 3,600 ce, ke nan kulom 252,000. Raba da 96,500, mol 2.6 na ilektaron. Kowace ƙwayar dalma biyu take bayarwa, don haka mol 1.3 na dalma, kusan giram 270, a kowane rami. A ɗaya farantin kuma giram 310 na oksid ɗin dalma, sannan asid giram 255. Ramuka shida, dalma da oksid ɗinta sun tashi kilo uku da rabi ke nan, a batir ɗin da nauyinsa ke tsakanin kilo 15 da 20. Sauran ragar da ke riƙe da garin ne, da ruwa, da akwati, da sinadarin da ke can ciki inda asid ba ya kai wa. Irin wannan lissafin a batir ɗin waya mai 4,000 mAh yana ba da kulom 14,400, mol 0.15, wato litiyom ɗin da ke kai da komowa giram ɗaya ne da ɗan ɗigo. Rashin nauyin litiyom da zamansa a ƙasan jadawali su suka sa wayar ke shiga aljihu. Kamfanin Sony ne ya fara sayar da irinsa a 1991, mutum uku da suka share hanyar kuma, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, suka karɓi kyautar Nobel a 2019.

Mu koma shagon dattijo, don nan ne abin ya fi shafar aljihunmu. Batir ɗin dalma Gaston Planté ne ya ƙirƙiro shi a Faransa a 1859, har yau kuma shi ke tayar da mota. Faranti ɗaya dalma ce, ɗayan oksid ɗin dalma, suna jiƙe cikin asid. Yayin da yake aiki, faranti biyun duka suna komawa abu ɗaya, farin salfet na dalma, asid kuma yana komawa ruwa. Idan bangarori biyu suka zama iri ɗaya, ba mai saye ba mai sayarwa. Shi ne muke cewa ya sauka. Sa'ar da aka yi ita ce salfet ɗin ba ya narkewa ya bi ruwa, a jikin faranti yake tsayawa. Shi ya sa in aka turo lantarki ta baya da ƙarfin da ya fi nasa, kamar bolt 14 da injin mota ke bayarwa, sai layin nan na allo ya juya daga dama zuwa hagu, asid ya fito daga faranti ya koma ruwa.

Asid ya fi ruwa nauyi, don haka ma'aunin dattijo nauyi yake karantawa. In aka ce nauyin ruwa zalla 1 ne, cikakken batir ruwansa na kai 1.28, wanda ya sauka kuwa wajen 1.12, ma'aunin ya nutse. Bolt ma yana bin ƙarfin ruwan, abin da Walther Nernst na Jamus ya tsara lissafinsa a 1889. Masu sana'ar suna da gajeriyar hanya: ƙara 0.84 a kan nauyin ruwan, ka sami bolt ɗin rami ɗaya. 1.28 ya ba da 2.12, sau shida 12.7. 1.12 ya ba da 1.96, sau shida kusan 11.8. A lura da kyau: tsakanin cikakke da wanda ya sauka, bai kai bolt ɗaya ba. Mutane da yawa suna ganin 12.0 a mita su ce lafiya lau tunda batir na 12 ne, alhali ya riga ya wuce rabi nesa. Rabi yana wajen 12.2, in batir ya huta ba a jan komai.

Ruwa ba ya tsami banza, ba ya kuma salancewa banza. Idan aka bar batir a sauke kwana da kwanaki, garin salfet ɗin nan mai laushi yana haɗuwa ya zama manyan ƙwayoyi masu tauri waɗanda caji ba ya iya fasawa. Abin da dattijo ke nufi ke nan da faranti ya ƙi mayarwa. Ƙara asid a nan zai sa ma'auni ya taso, mai batir ya tafi da murna, amma farantin yana nan a toshe, ga kuma ruwa mai kaifi fiye da ƙima yana cin ragar. Abin da ya sami nawa ke nan. Kullum dare muna tatse shi har fanka ta tsaya, sannan lokacin hazo, da ƙura ta rufe farantin sola, bai taɓa cika da rana ba. Wanda kuma ya sa batir ɗin mota a sola ya fi shiga uku, don farantansa sirara ne, an yi su ne su ba da amfer ɗaruruwa na ƴan daƙiƙu su koma su cika, ba a riƙa sauke su kowane dare ba.

Sai zafi. Ana auna batura a digiri 25, masu ƙera su kuma suna cewa duk ƙarin digiri 10 a kan haka yana rage rayuwar batir ɗin dalma kusan da rabi. Mu da Afrilu da Mayu ke wuce 40 a inuwa, sai a ɗora batir a ɗakin kwano da ba taga. Zafi yana gaggauta kowane sauyin sinadari, har da waɗanda ba a so: cin raga, da saukar batir shi kaɗai ba a taɓa shi ba.

Ruwan batir yana raguwa, gaskiya ne, amma abin da ke tafiya ruwa ne zalla. In batir ya cika aka ci gaba da tura masa wuta, lantarkin yana fasa ruwa ya zama haidirojin da oksijin, su ne kumfar da ake ji tana tafasa. Don haka ruwa za a mayar, kuma ruwan tururi, wanda aka tafasa aka tara. Na rijiya ko na garuwa yana ɗauke da gishiri da ƙarfe da ke ɓata faranti. Haidirojin ɗin nan kuwa ashana ɗaya ta ishe shi fashewa, shi ya sa ba a leƙa ramin batir da wuta, ba a kuma cajinsa a ɗakin da aka rufe ana kwana. Ina ƙara roƙon masu fasa tsofaffin batura su narka dalma a cikin gida su daina. Dalma guba ce da ke cin ƙwaƙwalwar yaro. A Zamfara, a 2010, ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara fiye da 400. Can daga dutse ta fito, nan daga batir, amma dalmar ɗaya ce.

Akwai tambayar da ɗaliban tarminal, wato ajin ƙarshe na lise, ke yi, wadda amsarta ke cikin littafin lissafinsu ba su sani ba: me ya sa ba a jona batir kai tsaye da wutar gari, ko da an rage ƙarfinta? Wutar gari kai da komowa take yi, sau 50 a daƙiƙa, bisa zanen sinus. Lantarkin da ya shiga batir kuwa jimilla ce: a yanka lokaci ƙanana-ƙanana, a ninka kowane yanki da amfer ɗinsa, a tara. Wannan tarawar ita ce antegiral. Antegiral ɗin sin x shi ne −cos x. Daga 0 zuwa π yana ba da 2. Daga π zuwa 2π yana ba da −2. Jimilla sifiri. Duk salfet ɗin da rabin zagaye na farko ya kwance, rabi na biyu ya mayar da shi. Batir ya yi zafi, bai ƙaru da komai ba. Shi ya sa a cikin kowace caja akwai diyod, galibi huɗu, masu juyo rabin nan na ƙasa ya koma sama. Yanzu kowane rabi 2 ne a kan faɗin π, matsakaicinsa 2/π, wato kusan 0.64 na ƙololuwar wutar.

Ko 220 ɗin da muke faɗa ma daga nan ya fito. Zafin da wuta ke haifarwa yana bin sin²x ne, wanda ba a tara shi kai tsaye sai an sauya masa kama: sin²x = (1 − cos 2x)/2. Kosinus ɗin yana cinye kansa a cikakken zagaye, ½ ya rage. Tushen ½, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba da ½, shi ne 0.707. Ke nan 220 kashi 0.707 ne na ƙololuwa, ainihin ƙololuwar kuwa tana wajen bolt 311. Wannan dabarar ta sauya sin² da ɗalibai ke ganin wahalar banza ce, ita ce ke bayan lambar da ke rubuce a jikin kowace fanka. Farantin sola shi ba ya buƙatar juyin nan, don hanya ɗaya wutarsa ke bi. Abin da yake buƙata ɗan akwatin nan ne mai tsayar da caji in batir ya cika, ya kuma yanke wuta kafin ya sauka ƙasa. Mutane kan tsallake shi don a sami ƙarin awa ɗaya ta fanka. Ni ma na bari an tsallake mini, kuma batir ɗin ne ya biya.

Dattijo ya ce in bar masa shi kwana biyu a kan ƙaramar wuta, ko faranti zai saki. Ranar Alhamis, ana tsakiyar cin kasuwa, na koma. Ya sake bin ramukan da bututunsa a gabana. Biyar sun taso zuwa wajen 1.23. Na huɗu, in an ƙirga daga kan da ke da alamar ƙari, bai motsa daga 1.13 ba, ruwansa kuma ya yi duhu-duhu, alamar garin faranti ya zube ƙasa.

"Wannan ramin ya tafi, Malam. Biyar ba sa ɗaukar na shida."

Gaskiyarsa: a jere suke, abin da ya ratsa ɗaya dole ya ratsa duka. Ya ɗora shi a sikeli ya biya ni kuɗin dalmarsa. Sabon da na saya yana zaure yanzu, inda iska ke ratsawa, akwatin caji a jone yadda ya kamata, kuma duk Juma'a nakan goge farantin sola. Kafin in bar shagon na tambaye shi ko zai ara mini bututun nan na kwana ɗaya in kai aji. Ya nannaɗe shi cikin tsumma ya miƙo mini, ya ce in gaya wa yaran kada ruwan ya taɓa musu riga, huda ta yake yi.